Me ya sa karatun da na kwana ina yi yake guduwa a ɗakin jarrabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, ina zaune a Gwale. Idan jarrabawa ta matso nakan kwana ina maimaita karatu har kiran assalatu, in ji komai ya zauna. Amma da an raba takarda sai kaina ya zama fayau. Ga ƙanena ɗan shekara 12 da izu 20 a ka, haddar bara waccan ma ba ta zube ba. Ko ƙwaƙwalwata ce ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. A yadda kika bayyana, ban ga laifin ƙwaƙwalwarki ba. Salon karatun ne yake cutar ki, kuma maganin yana cikin gidanku, a jikin allon ƙanenki.

A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana miƙa saƙo ga dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Koyo ba komai ba ne illa ƙarfafar waɗannan mahaɗai. A 1973 Tim Bliss da Terje Lomo suka wallafa gwajin da suka yi a kan zomaye a Oslo, inda suka nuna cewa mahaɗar da aka yi ta zaburarwa takan ƙara kaifi, kuma kaifin ya daɗe. Wadda aka bari kuwa takan dushe.

Sabon abu ba ya zarcewa ma'ajiya kai tsaye. Yakan fara sauka a wani sashe da ake kira hifokamfas, ɗaya a kowane ɓangaren kai. Mun san aikinsa ne ta sanadin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda a 1953 aka cire masa yawancin wannan sashe don a rage masa farfaɗiya. Ciwon ya yi sauƙi, amma har ya rasu a 2008 sabon abu ya daina zama a kansa. Yana tuna yarintarsa, amma likitan da ya gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo, baƙo ne.

Ki ɗauki hifokamfas kamar bakin shago a Kantin Kwari: nan ake jibge dilolin da aka sauke da rana, sai an tashi kasuwa a shigar da su sito. Wannan shigarwar, yawancinta a cikin barci ake yin ta. A 1994 Wilson da McNaughton suka gano cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake zagaya wuri neman abinci, su ne suke sake kunnuwa tare bayan ya yi barci. Wato ƙwaƙwalwa tana bitar darasinta ne mai ita na kwance. Ke kuma kin sauke kaya, kin hana a buɗe sito, sannan da safe kina mamakin ɓatansu.

Amma babbar yaudarar ba ma a nan take ba. Idan kika karanta shafi sau biyar, idonki ya saba da shi, sai ki ɗauka kin iya. Gane abu daban, tuno shi daban. Kin taɓa haɗuwa da mace a gidan biki, kin san fuskar sarai, sunan ya ƙi zuwa? To, jarrabawa suna take tambaya, ba fuska ba. Roediger da Karpicke sun gwada wannan a 2006: wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka rufe shi suka rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu rufewa suka yi musu fintinkau.

Yanzu dubi ƙanenki. Ƙari kaɗan ake rubuta masa, ba tuli ba. Ya yi ta biyawa, sannan ya kife allon ya kawo wa malam da ka, kuma ba zai wanke ba sai ya zauna. Ya kwana a kai. Da asuba ya yi tilawar na baya, bayan kwanaki ya sake zagayowa kansa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Ni dai duk lokacin da na karanta irin waɗannan bincike, alarammomin unguwarmu nake tunawa, waɗanda ba su taɓa jin sunan hifokamfas ba.

Bambanci ɗaya ne: karatunki yana buƙatar fahimta, ba lafazi kaɗai ba. Don haka ranar da aka yi darasi, ki rufe littafi ki rubuta abin da kika tuna da kalmominki, sannan ki buɗe ki ga inda kika yi tuntuɓe. Ki sake bayan kwana biyu, sai bayan mako. Za ki ji ya fi wuya, har ki ɗauka ba kya ci gaba. Wannan wuyar ce take ƙarfafa mahaɗan. In kin samu ƙawa, ki yi mata bayani kamar ke ce malamar. Daren jarrabawa kuma ki kwanta da wuri, don rashin barci da fargaba suna tsananta wa juna, kuma sinadarin kotisol da jiki ke saki a lokacin tsoro yana iya toshe tunowa ko da abin yana nan a ajiye.

Idan kuma mantuwar ta wuce karatu, kina manta saƙo da alƙawari, ko tana tafe da yawan kasala, jiri ko baƙin ciki mai daɗewa, ki je asibiti a duba ki, a auna jininki.