Amsa ga Hajiya kan lissafin neman x: muryar da aka tura a zauren iyayen yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyaye da malamai da ke cikin wannan zaure. Hajiya, na ga hoton littafin yarinyarki da kika turo daren jiya, na kuma saurari tambayarki, inda kika ce ta warware 3x + 7 = 22 ta samu 5, malami ya ba ta maki, amma da ta zo kan 5x = 20 sai ta rubuta cewa x shi ne 15, aka soke mata, ita kuwa ta dage cewa ƙa'idar da aka koya mata ta bi, wato idan lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama.

Da farko, kada ki yi mata faɗa, domin yarinyar tana da hujja. An ba ta ƙa'ida ba a gaya mata tushenta ba, sai ta ɗauki 5 ɗin nan da ke manne da x ta tsallakar da shi, ta mai da shi na ɗebewa, ta ce 20 a ɗebe 5 saura 15. A ra'ayina wannan magana ta tsallakawa ita ce ke ɓatar da yawancin yaranmu na ƙaramar sakandare, kuma ni kaina ba na fara koyar da ita sai yaro ya riga ya gane abin da ke ƙarƙashinta. A gaskiya babu lambar da ke tsallakawa ko'ina.

Abin da ke faruwa shi ne wannan. Alamar daidai tamkar sikeli ce irin mai faranti biyu, wanda masu sayar da nama da masu awon zinariya suke amfani da shi. Abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama, kuma muddin ana son sikelin ya ci gaba da tsayawa daidai, duk abin da aka yi wa faranti ɗaya dole a yi wa ɗayan. A lissafin farko, an ɗora 7 a kan 3x, saboda haka sai mu ɗebe 7 daga hagu, mu ɗebe 7 daga dama, ya rage 3x = 15. Wanda ya kalli sakamakon kawai zai ga kamar 7 ne ya tsallaka ya canza alama, alhali ɗebe shi aka yi daga ɓangarorin biyu. To amma 5x ba 5 a tara da x ba ne, 5 sau x ne, kuma abin da ke warware ninkawa shi ne rabawa. Sai a raba hagu gida 5, a raba dama gida 5, x ya fito 4.

Ki gwada mata da kasuwa, za ki ga ta fi saurin kamawa. Mu ƙaddara kin aike ta ta sayo mudu 5 na gero, ta biya naira 10,000, kika tambaye ta nawa mudu ɗaya. Ba za ta taɓa ce miki 10,000 a ɗebe 5 ba, nan take za ta raba ta ce 2,000. Idan kuma kika ce mudu 3 ta sayo, ta haɗa da gishirin naira 700, duka ta biya 6,700, da kanta za ta fara ware kuɗin gishirin, sannan ta raba 6,000 da suka rage gida 3. Wannan shi ne 3x + 700 = 6,700, kuma ta iya shi tun kafin ta san akwai wani harafi da ake kira x. Ki lura da abin da ta fara cirewa. An ninka x da 3 tukuna sannan aka ƙara 700, don haka wajen warwarewa sai a faro daga abin da aka yi a ƙarshe, kamar yadda wanda ya sa 'yar ciki ya ɗora babbar riga a kai ba shi da hanyar tuɓe 'yar cikin sai ya fara cire babbar rigar.

Bari in ɗan tsaya a kan sunan darasin, domin sunan da kansa yana koyar da aikin. Kalmar aljabara daga Larabci take, daga sunan littafin da Muhammad bin Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kan hisabin aljabru da muƙabala. Jabru shi ne cike gurbin abin da ya ragu, kuma da wannan kalma Larabawa ke kiran ɗorin ƙashin da ya karye. Muƙabala kuwa ita ce a fuskantar da ɓangarorin biyu a soke abin da suka yi tarayya a kansa. Ɗauki 7x − 4 = 4x + 11. Ɓangaren hagu yana da giɓin 4, sai mu cike shi ta hanyar ƙara 4 a hagu da dama, mu samu 7x = 4x + 15, wannan shi ne jabru. Sannan kowane ɓangare yana ɗauke da 4x a cikinsa, sai mu ɗebe su daga duka biyun, ya rage 3x = 15, wannan ita ce muƙabala, x ya zama 5. Shi Alhawarizmi bai yi amfani da haruffa ko alamomi ba, da kalmomi ya rubuta komai, kuma abin da ba a sani ba yana kiransa shai'un, wato abu. Saboda haka idan x yana firgita yarinya, ki ce mata ta karanta shi da wani abu, babu abin da ya ragu.

Babban kaso na wancan littafi a kan rabon gado da wasiyya yake, kuma malamanmu na ilimin fara'ili har yau irin wannan lissafi suke yi. Idan mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza 2 da mace 1, babu wani magaji sai su, kuma bayan an biya bashi an fitar da wasiyya saura naira 500,000, to rabon macen shi ne x, kowane namiji 2x, duka 5x = 500,000. Macen ta samu 100,000, kowane namiji 200,000. Shi ne dai lissafin da aka soke mata, lambobin ne kawai suka girma.

Akwai wurare biyu da na san za ta yi tuntuɓe nan gaba. Na farko shi ne baka, wato alamar ( ), kamar 2(x + 3) = 14, inda yara kan ninka x da 2 su manta da 3. Mafi sauƙi a nan a raba ɓangarorin biyu gida 2, a samu x + 3 = 7, x ya zama 4. Na biyu shi ne idan x ɗin ne ake ɗebewa, kamar 10 − 2x = 4. Ta ƙara 2x a kowane ɓangare, ya koma 10 = 4 + 2x, ta ɗebe 4, ta raba 6 gida 2, ta samu 3. Babu laifi x ya kasance a dama.

Abin da nake roƙonki ki tilasta mata a kowane lissafi shi ne ta mayar da amsarta cikin tambayar ta gani ko sikelin ya tsaya. Da ta yi haka jiya, da ta ga 5 sau 15 ya ba ta 75, ba 20 ba, ta kama kuskurenta kafin jan biron malami ya kama shi. A ɗakin jarrabawa wannan ba ya cin minti ɗaya.

Yau da daddare ki ba ta 4x − 9 = 2x + 7. Ki ce ta rubuta a gefen kowane layi abin da ta yi wa ɓangarorin biyu, kada ta yi amfani da kalmar tsallakawa ko sau ɗaya, sannan ta gwada amsar da kanta. Ba zan faɗi amsar a nan ba, domin na san akwai yaran da ke sauraro a wayoyin iyayensu. Ki ɗauki hoton aikin ki turo, zan duba bayan sallar isha'i in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.