Amsa ga mai tambaya kan lissafin ƙarfin riƙe zafi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce an ba ka ƙarfe mai nauyin giram 100, an ciro shi daga tafasasshen ruwa mai digiri 100, aka tsoma shi cikin ruwa giram 200 mai digiri 25, zafin ya tsaya a digiri 28.3, kuma da ka lissafa ƙarfin riƙe zafin ƙarfen sai ka samu 8.4, ba ka gane inda ka kuskure ba. Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma wannan kuskuren ne na fi cin karo da shi a takardun ɗalibaina.

Abin da ake nufi da ƙarfin riƙe zafi shi ne yawan zafin da giram ɗaya na abu ke buƙata kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Na ruwa jul 4.18 ne (jul shi ne ma'aunin yawan zafi), amma a tambayoyin WAEC galibi 4.2 ake bayarwa. Ƙa'idar da ka yi amfani da ita, Q = mcΔT, wato yawan zafi daidai yake da nauyi sau ƙarfin riƙe zafi sau canjin zafi, daidai take, kuma rabin aikinka na farko ba shi da aibu: ruwan ya tashi daga 25 zuwa 28.3, wato ƙarin 3.3, saboda haka 200 sau 4.2 sau 3.3 ya ba da jul 2,772. Wannan shi ne zafin da ruwan ya karɓa, kuma shi ne dai wanda ƙarfen ya saki.

Inda ƙafarka ta zame shi ne da ka ɗauki 3.3 ɗin nan ka ɗora wa ƙarfen. Ƙarfen bai taɓa zama a digiri 25 ba. Daga 100 ya gangaro zuwa 28.3, wato ya sauka da digiri 71.7. Idan ka raba 2,772 da 100 sau 71.7, wato 7,170, za ka samu kusan 0.39, wanda ya yi daidai da na jan ƙarfe, 0.385. Kowane abu da nauyinsa da kuma nasa canjin zafin, shi ya sa nake tilasta wa ɗalibaina su raba takarda gida biyu kafin su taɓa kalkuleta, ruwa a gefe guda, ƙarfe a ɗaya gefen, kada lambar wani ta tsallaka wurin wani.

Amsar da ka samu ma da kanta ta isa ta tsayar da kai. Alminiyam wajen 0.90 ne, baƙin ƙarfe wajen 0.45, 8.4 ɗinka kuwa ninkin na ruwa ne, alhali babu ƙarfen da ya ninka ruwa. Duk wanda ya taɓa ɗora tukunya a murhu ya san bakinta kan ƙona hannu tun ruwan cikinta bai wuce ɗumi ba. A ganina ɗalibin da ya riƙe waɗannan lambobi uku ko huɗu a ka ya fi wanda ya haddace ƙa'ida kawai, domin shi ne zai iya kama kansa a ɗakin jarrabawa.

Ka kuma kula da ma'auni. Idan an ba ka 4,200 a madadin 4.2 na ruwa, to da kilogiram ake aiki, sai ka mayar da giram 200 zuwa kilogiram 0.2. Bambancin zafi kuwa ɗaya ne a digirin Salsiyas da na Kelbin, saboda haka kada ka ƙara 273 a kan 3.3.

Idan kuma gwajin za ka yi da hannunka, kada ka yi mamaki in amsarka ta ɗan gaza ta littafi. A ɗakin gwajinmu kullum ƙasa take fitowa, saboda ƙarfen kan yi asarar zafi tsakanin tukunya da kofi, kofin da ma'aunin zafin su ma suna shan nasu rabon. Ka yi saurin tsomawa, ka rufe kofin, ka riƙa motsa ruwan, sannan ka rubuta lamba mafi girma da ma'aunin ya nuna. Ka auna tafasasshen ruwan ma, domin a wuri mai tudu irin Jos ruwa kan tafasa bai kai digiri 100 ba, kuma ƙarfen da ke cikinsa ba zai wuce zafin ruwan ba.