Direba ko na'ura, wa ya fi saurin taka birki?

Malam, ka ce wa ya fi sauri tsakanin direba da birkin sabbin motocin nan mai kama kanshi. Na'urar ce wallahi. Mutum ko a shirye yake sai ya ci kusan kwatan sakan kafin ya motsa, in kuwa ba zato abu ya faɗo mai a titi yakan kai sakan 1 da rabi, to kana gudun kilomita 120 daga Jidda zuwa Makka mota na cin mita 33 duk sakan, lissafa ka gani. Ita na'urar ba ta gyangyaɗi, ba ta latsa waya. Amma ranar ƙura kyamarar da na'urar ke ganin titi da ita dushewa take, kuma ba ta gane take-taken direban da zai yanko maka ba sigina, wannan kam sai tsohon direba.