Gyaran gida kafin sayarwa: kuɗin yana dawowa kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka sa tayil da silin POP a gidanka na Kano kafin ka sayar, kana tambaya ko kuɗin zai dawo. Gaskiya, ba duka ba.

Mai saye fili yake fara dubawa: unguwa, girma, hanya, sannan takardu. Gida mai shaidar mallaka ta gwamnati ya fi wanda ya sha ado amma takardar mai unguwa kaɗai gare shi. A tsofaffin unguwanni ma, wasu rushewa suke yi su tayar da bene ko shaguna, tayil ɗinka ya bi ɓaraguzai.

Gyaran aibi shi ke biya. Kwanon da ke yoyo, canja shi. Gindin bangon da danshi ya ci har filasta tana zubowa, gyara shi, don nan mai saye zai tsaya ya nuna wa dillali da yatsa, a zaftare maka farashi. Masai da magudana ma haka. Rijiyar burtsatse kuwa tana jan mutane sosai inda ruwan famfo ba ya zuwa.

Ado dai fenti ya isa. Na taɓa ganin an ɓamɓare sabon tayil don launinsa bai kwanta wa uwargida ba.