Amsa: A tumɓuke tsofaffin lilo ko a gyara?

Malam, ka tambaya ko wurin wasan da ya tsufa a Jidda ya kamata ya tumɓuke tsofaffin lilonsa gaba ɗaya. Ni dai ban goyi baya ba. Matsalar bakin Bahar Maliya ita ce iska mai gishiri, tsatsa take sa wa ƙarfe. A fara duba walda da ƙusoshi, a sauya birki da wayoyin lantarki. In ginshiƙan suna da lafiya, fenti da sabbin kujeru sun wadatar. Wanda kayan gyaransa suka ɓace a kasuwa kuwa, a sallame shi kawai.

Sai zafi. Dubi wurin wasan Al-Shallal na Jidda da aka buɗe a 2005, filin ƙanƙararsa a rufe yake cikin sanyi. A ƙara irin wannan, don mu yaranmu sai bayan Isha'i suke fita.