Tambayoyinku: Tsakanin Dimna da zaki, wa ya kashe bijimi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Sakkwato, muna karanta Kalila wa Dimna a zaure bayan magariba, da muka gama babin zaki da bijimi sai musu ya kaure tsakanina da abokina. Shi ya ce laifin duk na Dimna ne tunda shi ya ƙulla sharrin, ni kuma na ce zakin ma hannunsa dumu-dumu a ciki. Wai sai ya ce ina kare munafuki. Don Allah a raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaya ma abokin naka ya sassauta, ba munafuki kake karewa ba, karatu ka yi da idon basira. Amma bari in ɗan tuna ma waɗanda ba su san labarin ba. Bijimi ne mai suna Shatraba ya maƙale a taɓo, ubangidansa ya tafi ya bar shi, Allah ya yi da sauran kwana ya fita ya samu makiyaya ya ci ya yi ɓul-ɓul, ya shiga ruri. Zaki sarkin dawa bai taɓa jin irin wannan murya ba, tsoro ya kama shi ya daina fita ko farauta, amma ya ƙi bari fadawa su gane. Dimna, wani dila da ke zaune a ƙofar fada ba sarauta ba komai, shi kaɗai ya lura. Ɗan'uwansa Kalila ya ce masa ina ruwanka da sha'anin sarakuna, har ya ba shi labarin birin nan da ya je ya zare abin da kafinta ya soka a tsagin katako wutsiyarsa ta matse, amma ina, Dimna ya riga ya hango ƙofa.

To ka duba nan da kyau. Abin da Dimna ya fara shiga da shi fada gaskiya ce tsagwaronta, ya ce ma sarki na ga kamar akwai abin da ke damunka, kuma ya je ya kawo bijimin da alkawarin aminci. Sai da zaki ya ɗauki Shatraba ya mai da shi aminin shawara ya manta da wanda ya haɗa su sannan hassada ta tashi. Kuma ko da ya tashi ƙulla sharrin dubi yadda ya yi, abin har ban tsoro. Ya je ya ce ma zaki bijimi na zuga rundunarka zai yi maka tawaye, in kana son shaida ka duba idan ya shigo za ka ga launinsa ya canza jikinsa na rawa yana waige-waige yana gyara ƙaho. Ya koma wajen bijimi ya ce sarki ya ce ka yi ƙiba naman ka zai yi daɗi, in ka shiga ka gan shi ya gurfana ya kafa maka ido kunnuwa a miƙe baki a buɗe to ka san ta tabbata. Yanzu fisabilillahi wane bijimi ne za a ce masa za a cinye shi ya shiga fada jikinsa bai yi rawa ba? Wane zaki ne za a ce masa za a kashe shi ya zauna a kishingiɗe? Kowa ya shigo ya ga alamar da aka ce zai gani, alhali tsoron da aka dasa masa ne ya haifar da ita.

A nan ne nake tare da kai. Zaki ne ya ba da aminci da bakinsa, shi ke da iko, kuma babu abin da ya hana shi ya aika a kira Shatraba ya ce ga abin da na ji me za ka ce. Har ma ya yi tunanin ya aika masa ya sallame shi ya tafi abinsa, Dimna ya hana don ya san in suka yi magana asirinsa ya tonu, shi kuma sarki ya biye masa. Me ya sa ya biye? Saboda wannan zakin shi ne dai wanda rurin bijimi ya hana shi fita tun farko, tsoron bai taɓa barin sa ba, lulluɓe shi kawai ya yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kansa Shatraba ya gane inda aka dosa, shi ya ba da labarin raƙumin da zaki ya ba aminci, da yunwa ta zo hankaka da kerkeci da dila suka shirya kowa ya ce ranka ya daɗe ni ka ci sauran su ce a'a namanka ba kyau, da raƙumi ya faɗi tasa don kara sai duk suka ce ka yi gaskiya suka far masa. Ka ga an samo ma sarki hanyar cin amana ba tare da an ce ya saɓa alkawari ba, kuma bai ƙi ba.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba wanda zai taimaka muku. Asalin labaran daga Indiya suke, daga littafin Panchatantra, likita Barzawaihi ya kai su Farisa zamanin Kisra Anushirwan wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, sannan Abdullahi Ibnul Muƙaffa ya mai da su Larabci wajen shekara ta 750. A na Indiya ɗin bijimi na mutuwa dila ya lallashi zaki, shi ke nan labari ya ƙare, ba wanda ya taɓa shi. Babin shari'ar Dimna da za ku shiga yanzu babu shi a can, masana da yawa na ganin Ibnul Muƙaffa ne ya ƙara, wataƙila don bai ga yadda za a miƙa ma masu karatu littafin da maƙaryaci ya ci riba ya kwana lafiya ba. A ciki damisa ce ta ji Kalila na yi ma Dimna faɗa da dare ta kai ma uwar zaki, aka yi ta zaman shari'a Dimna na kare kansa da bakin da ya fi na alƙalan, Kalila ya mutu da baƙin ciki, sai da shaida ta biyu ta fito daga wani ɗaurarre da ya ji shi yana amsa laifinsa a kurkuku sannan aka kashe shi. Amma ka lura ko a nan ɗin ba wanda ya gurfanar da zaki, nadama kawai ya yi, uwarsa ta yi masa faɗa, ya ci gaba da sarautarsa. Shi ko Ibnul Muƙaffa bai tsira ba, takardar aminci da ya rubuta ma Abdullahi bin Ali baffan Halifa Mansur ta fusata halifan, gwamnan Basra ya kashe shi kafin shekara ta 760.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce daga Maraɗi. Ɗana na karanta Ruwan Bagaja yana ta ƙyalƙyala dariya, na duba na ga ashe jarumin ma zambo cikin aminci yake ta yi. Ba zai lalata min yaro ba?

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki, littafin nan na Abubakar Imam tun 1934 yake hannun yara, iyayenmu sun karanta mu ma mun karanta. Gaskiya ne jarumin labarin, Alhaji Imam, ba waliyyi ba ne, ki duba inda ya yi shigar malanta ba ya da karatun, Malam Zurƙe ya zo zai tona shi sai ya zana wani abu a ƙasa ya ce karanta, Zurƙe na ta laluben haruffa shi kuma ya ce ai tsayuwar wata ce, jama'ar gari suka duba suka ce ƙwarai kuwa, aka kori mai ilimin aka bar jahilin. Ni da ke ce ba zan karɓe littafin ba, zan zauna kusa da shi in ce karanta min wurin nan, in ya gama dariyarsa in tambaye shi su mutanen garin me ya sa suka yarda, kuma da yana cikinsu wa zai bi. In ya gama ki nemo masa Magana Jari Ce littafi na ɗaya, can zai haɗu da wazirin da ke neman gadon sarauta ta hanyar makirci, ki ji ko shi ma zai ba shi dariya.