Ta Yaya Zan Gane Makarantar Cata Ta Ƙwarai?

Tambaya: A Bronx da ke birnin New York muke zaune, ɗana zai shiga aji 6. Ana ta yabon makarantun cata (charter schools). Ta yaya zan tantance?

Amsa: Hajiya, gwamnati ke ba su kuɗi, karatu kyauta ne, amma kowace da masu tafiyar da ita, shi ya sa ingancinsu ya sha bamban. Kada yawan masu cin jarrabawa ya ruɗe ki. A rahoton da jihar New York ke fitarwa kan makarantu, duba ci gaban da yara suka samu daga bara zuwa bana. Sannan in makarantar tana da har aji 12, kwatanta yawan 'yan aji 9 da waɗanda suka kai aji 12. In sun ragu sosai, mai yiwuwa masu rauni ake tankaɗewa. Ki je ranar karatu, ki leƙa aji, ki tambayi malamai nawa suka ajiye aiki bara.